Ƙurar Baure Da Gidan Agogo: Me Ya Sa Wani Ke Gyaruwa, Wani Ba Ya Gyaruwa?

A gidaje da dama na Baure, Zango, Sandamu, Mai'aduwa da cikin birnin Daura, ba a rasa tsohon agogon tebur mai wani, irin mai ƙararrawa biyu a ka da 'yan ƙafafu a ƙasa, a ajiye bisa kabad ko cikin adakar tsohuwa, ya daɗe da yin shiru. Wani tsarabar Makka ne, wani kuwa a Kano aka sayo shi zamanin da kuɗin gyaɗa ke auki. In ka tambayi masu gidan, amsarsu ɗaya ce: ya mutu. Alhali agogon ƙarfe ba kasafai yake mutuwa ba. Yawancin waɗanda suka tsaya babu abin da ya karye a cikinsu. Mai ne ya bushe, ƙura ta shiga ta daskare, injin ya rasa ƙarfin ture ta. Aikin da zai tashe shi bai wuce na yini guda ba a hannun wanda ya san sana'ar, muddin zai iya kaiwa ga injin. To, a nan gizo ke saƙar. Abin da ke raba agogon da zai shekara 40 yana aiki da wanda zai ƙare a bola bayan damina uku, sau da yawa shi ne gidan da aka sa injin a ciki: yadda aka rufe shi, da ko an rufe shi da niyyar a sake buɗewa. Ra'ayina shi ne, a ƙasa irin tamu, gidan da ba ya buɗuwa aibi ne a jikin kaya daidai da tsaga a jikin tulu, kuma ya kamata mai saye da mai shigo da kaya da hukuma su ɗauke shi haka.

Sai an san abin da ke cikin agogon kafin a gane dalili. In aka cire murfin baya za a ga faranti biyu na tagulla ko ƙarfe, an haɗa su da 'yan ginshiƙai, giyoyi masu haƙora na jere a tsakaninsu. Sifirin biyu ne masu naɗi a ciki, shi ya sa makullan wani suke biyu: ɗaya na tafiyar lokaci, ɗaya na ƙararrawa. In ka wana na lokaci, ƙarfin hannunka ka tara a sifirin, shi kuma ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan daga giya zuwa giya har ya kai ga wani ɗan wili mai lilo. Shi ke ƙayyade saurin komai, kuma daga wajensa ƙas-ƙas ɗin da ake ji ke fitowa. Galibin irin waɗannan agoguna awa 30 suke yi da wani guda, don mai wanawa kowane dare ya sami rarar awa shida in ya sha'afa. Abin lura shi ne ƙarfin yana raguwa a kowane mataki. Giyar farko na juyawa a hankali da ƙarfi sosai, ta ƙarshe na gudu amma ƙarfinta bai taka kara ya karya ba. Ƙwayar rairayi guda a wurin giyar farko ba komai ba ce, a wurin wilin lilo kuwa ta isa ta tsayar da agogo. Wanda ke bugawa sau huɗu a daƙiƙa yana yin bugu 345,600 kowace rana, duk a kan 'yan tsinayen ƙarfe da ɗigon mai ƙanƙani ke karewa daga gogayya.

Yanzu a ɗauki wannan inji a kai shi Baure, a bakin iyakar Nijar, ƙasar jigawa da rairayi, inda ruwa ba ya wuce 'yan watanni daga wajen Yuni zuwa Satumba. Daga Nuwamba iskar hunturu ke tasowa daga arewa maso gabas ɗauke da hazo, wanda masu bincike suka bi sawun kaso mai yawa nasa har kwarin Bodele a ƙasar Cadi, busasshen gindin tsohon tafki da ake lissafawa ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Ƙura ce mai laushin gaske, tana shiga inda ido ba ya gani, amma sinadarin da ke cikinta na cin tagulla. In ta haɗu da mai sai ta zama baƙin kwaɓi mai kaushi, kowane juyi yana goge tsinin giya yana faɗaɗa ramin da yake zaune a ciki. Hunturu na wucewa bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, mai ya tsinke ya gangare daga inda aka ɗiga shi, ragowar ta bushe ta zama danƙo. Sannan damina ta kawo laima, tsatsa ta kama sifirin. Babu mai, komai tsadarsa, da zai jure wannan zagaye har abada. Ko a ƙasashen sanyi masu gyara kan ce a wanke agogo a sake masa mai bayan 'yan shekaru, balle a nan. Ke nan wanki dole ne a rayuwar kowane agogon wani, mai tsada da mai araha. Wanda ya ƙera agogo bai bar hanyar wanke shi ba, ya riga ya ƙayyade masa kwanaki tun daga masana'anta.

Tsofaffin maƙeran agogo sun san da haka, kuma ana ganin sanin a yadda suka tsara gidan. A ɗauki agogon nan mai siffar ganga. Mai gyara kan fara da kwance makullan wani, yana juya su akasin yadda ake wanawa har su fita. Ya zare 'yan maɓallan saiti, ya kwance noti biyu ko uku, ko ya ɓalle murfin da bakin wuƙa in na turawa ne. Daga nan hikimar ke bayyana: ƙafafun da agogon ke tsayawa a kansu, da ginshiƙin saman da ke ɗauke da mariƙi, su ne notunan da suka ɗaure injin da gidan. In aka kwance su, inji da fuskar agogo su zamo waje gaba ɗaya, gilashi ya biyo baya. Ba a lanƙwasa komai ba, ba a fasa komai ba, kuma da sukundireba da filaya kaɗai aka yi aikin. Faranti biyun ma noti ne ke riƙe da su, ana kwancewa a fitar da kowace giya a wanke, a soke ramukan da tsinken itace har ya riƙa fitowa fari, a shanya, a mayar, a ɗiga mai a inda ya dace kawai. Ana iya maimaita wannan sau 10 ko 20 a tsawon rayuwar agogon, gidan bai nuna alama ba.

Sai kuma ɗaya nau'in, wanda ya yi yawa a kasuwa daga baya. A waje kamarsu ɗaya, har ma yakan fi sheƙi. Amma maimakon noti, 'yan kunnuwan kwano ne aka zura ta rami aka lanƙwashe, kwano kuwa in an miƙe shi an mayar sau biyu, a na uku karyewa yake yi. Zoben da ke riƙe da gilashi an matse bakinsa da inji a masana'anta, ba ya fita sai ya lauye. Faranti biyun an buge kan ginshiƙansu an daddale, don haka giyoyin sun shiga ke nan. A na roba kuwa, 'yan haƙoran da ke kama murfin sukan yi gautsi da zafi, taɓa su ke da wuya sai su ɓalle. Wani ma gam aka shafa masa. To me mai gyara zai yi da irin wannan, shi da ke zaune da 'yar akwatin gilashinsa a gefen kasuwa, mai kaya na tsaye a kansa? Abin da ya rage masa shi ne ya tsoma injin ɗungurungum cikin fetur ko kananzir, ya girgiza, ya shanya, ya ɗiga mai ta inda hannunsa ya kai. Agogo ya tashi, a biya a tafi. Amma dattin da ke cikin ramukan jiƙa shi kawai aka yi, bayan 'yan makonni agogo ya sake tsayawa. Mai shi ya ce an cuce shi, ya shaida wa maƙwabta cewa masu gyaran yanzu ba su iya aiki ba. Laifin da aka tafka a wata masana'anta mai nisa ya faɗa kan talakan da bai ji ba bai gani ba. Ina ganin wannan ɓarnar ta fi asarar agogon girma, domin in mutane suka daina yarda da gyara, har mai kyau suke haɗawa su zubar, kuma yaron da zai zauna koyon sana'ar sai ya nemi wata.

Jayayyar araha da gyaruwa tare da agogon ƙararrawa aka haife ta. A 1847 Bafaranshe Antoine Redier ya yi rajistar agogon da ake iya saita lokacin kaɗawarsa, a 1876 kuma Seth Thomas na Amurka ya yi rajistar ƙarami na gefen gado. Tun farko kayan ma'aikaci ne mai tsoron makara, don haka gasar ta zama ta wa zai fi karya farashi. Kamfanin Junghans na garin Schramberg a Jamus, wanda aka kafa a 1861, ya kai 1903 yana fitar da agogo fiye da miliyan uku a shekara. Mai ƙera miliyoyi kuwa, in ya rage noti uku a kowane agogo, ya rage miliyoyin notuna da hannuwan da za su ɗaura su. Duk da haka wasu sun bi ɗaya hanyar sun kuma ci riba. Kamfanin da aka fi sani da Westclox a jihar Illinois ya fitar da Big Ben a 1909 a kan dala biyu da rabi, lokacin da ake samun agogon ƙararrawa a kan abin da bai kai rabin haka ba. Ya sa shi cikin gida mai kauri da ake ɗaurewa da noti, kuma har yau masu gyara na wanke waɗanda suka haura shekara 100 suna tashi. Mu nan irin waɗannan kaya sun yawaita ne bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka buɗe, fatake suka riƙa kai su karkara. Daga baya alhazai suka ƙara da nasu, sannan na ƙasar Sin suka mamaye kasuwar.

Hujja mafi ƙarfi da za a iya kawowa a kan wannan ra'ayi daga ƙurar kanta ta fito. Mai hankali zai ce: tunda ƙura ce abokiyar gaba, ai gidan da aka liƙe ruf shi ya fi dacewa da Baure, domin duk abin da ke buɗuwa yana da kafa. Maganar na da daɗin ji, amma a ƙirga ramukan da ke jikin agogon wani. Biyu na makulli, biyu na saiti, da tsagar da ake ƙara masa gudu ko a rage, da maɓallin kashe ƙararrawa; a mai ƙararrawa biyu kuma akwai babbar tsaga inda 'yar gudumar ke kai-komo, baki buɗe tana kallon sama, daidai inda ƙura ke sauka. Ko an liƙe murfin da gam waɗannan suna nan, domin ba a wana agogo sai ta rami, kuma galibin ƙurar ta nan take shiga. Liƙewar ba ta hana ta shiga, fita kawai take hana ta. Maganin da ya yi aiki a tarihi daban ne. Masu Big Ben sun kawar da ƙararrawar saman, suka mai da murfin baya shi ne ƙararrawar, gudumar na bugunsa daga ciki, tsagar saman ta tafi. A agogon hannu kuma Rolex ya fitar da gidan Oyster a 1926, wanda murfinsa da zobensa da maɓallin waninsa duk murɗa su ake yi su matse, har ruwa ba ya shiga, amma mai gyara da ke da makullinsa yana kwancewa ya mayar. Kusan shekara 100 ke nan da aka nuna cewa gida na iya rufuwa ruf ya kuma buɗu.

Hujjar kuɗi ta fi wannan wuyar kaucewa. Noti ya fi kunnen kwano tsada, gida mai kauri ya fi na falle ɗaya tsada, kuma manomin gero da ke ƙirga abin da ke aljihunsa a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ba wanda ya isa ya ce masa ya ɗauki mai tsada. Akwai ma kamfanin da ya fito fili ya gina kasuwancinsa a kan rashin gyara. A 1983 Swatch na ƙasar Suwizalan ya fito da agogon hannu mai sassa 51 kacal, an gina injin a jikin gidan robar, an narka bakin gilashin an haɗe shi da gidan. Batir kaɗai ake canjawa, in ya lalace a sayi wani. Ya sayu ƙwarai, kuma babu yaudara a ciki. Amma a dubi abin da tsarin ya dogara a kai: ƙasar da ladan mai gyara ya fi kuɗin sabon agogo, shago na kusa, kuɗin ƙasar ba ya faɗuwa. A Baure lissafin a juye yake. Aikin hannu ke da sauƙi, kayan waje ke da tsada, kuma farashinsu dala yake bi. Wanda ya ga yadda kaya suka tashi bayan an saki darajar naira a Yunin 2023 ba ya buƙatar bayani. Hanyar kayan ma ba ta da tabbas. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma garuruwan bakin iyaka irin Babban Mutum da Kwangwalam su suka fi ji a jika. Kayan da ake yarwa a sayi sabo an yi shi ne don wanda sabon ke jiransa kullum a kanti. Mai ƙaramin ƙarfi da ya sayi marasa gyaruwa uku cikin shekara 10, da wuya a ce ya fi wanda ya sayi guda ya wanke shi sau uku tanadi, kuma shi na biyun kuɗin wankinsa a garinsu ya tsaya.

To yaya gidan da aka tsara da tunanin wuri irin wannan zai kasance? Babu wani sabon ilimi a ciki. Notunan su zama iri ɗaya, girma ɗaya, masu kan da sukundireba ta kowa ke kamawa, don in ɗaya ya faɗa cikin rairayi a sami madadinsa a jikin tsohuwar rediyo. Su shiga ƙarfe, kada su ci roba kai tsaye, domin ramin roba yakan cinye ya daina kamawa bayan 'yar kwancewa kaɗan. A iya kaiwa ga injin ta baya ba sai an cire hannuwa da fuska tukuna ba, tunda yawan cire hannu ke sa ya yi sako-sako, yawan taɓa fuskar takarda kuma ke ɓata ta. A sa murfi na biyu a ciki, da 'yan washa na ƙyalle mai kauri ko fata a gindin kowane makulli, abin da kowane baduku zai iya yankowa in na asali ya tsufa. Tsagar saitin gudu ta sami ɗan marfi mai juyawa, kamar yadda wasu tsofaffin agoguna ke da shi. Gilashi ya zama shimfiɗaɗɗe, zobe ko waya na riƙe da shi, don mai yankan gilashin taga ya iya yanko wani. Sifirin kuwa, tunda yana cikin sassan da suka fi karyewa, ya zauna a ɗan gwangwaninsa ta yadda za a canja shi ba tare da an wargaza injin duka ba. Duk waɗannan sun taɓa wanzuwa a agoguna daban-daban, haɗa su wuri guda ne ya rage.

Tsoron cewa abin da ke buɗuwa kowa zai buɗe, yaro ya yi wasa da shi, maigida ya tsiyaya masa man gyaɗa ya ƙarasa shi, yana da ƙamshin gaskiya, kuma akwai haɗari a ciki. Sifirin da aka wana ya cika, in aka kwance faranti ba a sauke ƙarfinsa ba, yakan fizge ya yanki yatsa. Tsofaffin agoguna masu lambobi da ke haske a duhu kuma, musamman na kafin 1970, da yawa fentinsu na da sinadarin radiyam, wanda ya hallaka 'yan matan da ke shafa shi a masana'antun Amurka a shekarun 1920 saboda suna lasar bakin burushi. Hasken ya daɗe da dushewa amma gubar na nan, don radiyam sai ya shekara kusan 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Sai dai noti uku sun isa su hana yaro, kuma gidan da ke barin a kai ga inji ba tare da taɓa fuska ba shi ke kare mai gyara daga fentin. Gidan da sai an fasa kuwa da wuƙa da guduma ake shigarsa, kuma a nan ake jin rauni.

Saura tambayar da mai karatu ke riƙe da ita tun ɗazu: wa ke buƙatar agogon wani a yau? Ladan na kiran assalatu da lasifika, waya na kaɗawa, da azumi matasa na zagayawa suna tashin mutane sahur. Tun ranar 25 ga Disamba, 1969 da Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu na farko mai aiki da dutsen kwatz, kasuwar mai wani ta fara ja da baya, kuma na batir ya fi shi daidaito nesa ba kusa ba. Ba na musun wannan, ba kuma na kiran a koma baya. Mai wani yana da sauran amfani a inda wuta ba ta zama, cajin waya sai an biya a shago. Amma ko da an daina ƙera shi gobe, maganar gida ƙaura kawai ta yi. Ta koma jikin agogon bango mai kiran salla, da tocila, da rediyo, da fitilar sola, da wayar kanta. Abin sha'awa, agogon bango mai batir ya nuna hanyar da ta dace: injinsa ɗan baƙin akwati ne mai girma kusan ɗaya a wurin kamfanoni da yawa, noti guda a tsakiya ke riƙe da shi, mai gyara ya cire hannuwa ya sa sabo cikin 'yan mintoci, gida da fuska su ci gaba da aiki. Fitilar sola kuwa sau da yawa batirinta ne kawai ke gajiya, amma in an liƙe gidan sai a yar da allo da ƙwan da ke da sauran shekaru a gaba.

Ƙasashen da suka ƙirƙiro al'adar yarwa sun fara dawowa daga rakiyarta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. A Janairun 2021 Faransa ta wajabta a manna wa waya, kwamfutar tafi-da-gidanka, talabijin da injin wanki maki bisa 10 na sauƙin gyara, kuma cikin abin da ake aunawa har da matakai nawa ake bi a kwance kayan, da irin kayan aikin da ake buƙata, da ko abin da ya ɗaure shi yana sake ɗauruwa. Tarayyar Turai ta amince da dokar haƙƙin gyara a 2024. Tambayoyin da suka sa a doka su ne waɗanda mai gyaran agogo a bakin kasuwa ke yi da yatsunsa kafin ya faɗi kuɗin aiki. Abin tsoron shi ne, in Turai ta rufe ƙofa ga kayan da ba sa buɗuwa, masana'antun ba za su zubar da injinansu ba, kasuwar da ba ta tambaya za su nema.

Kada kuma a ce mu ba mu ƙera agogo, don haka maganar ba tamu ba ce. 'Yan kasuwar Kano da ke zuwa Guangzhou da Yiwu a ƙasar Sin oda suke bayarwa, su zaɓi launi, su zaɓi farashi, har da sunan da za a buga a jikin kaya. Wanda ya isa ya ce a rubuta sunansa ya isa ya ce a sa noti maimakon gam, ya kuma haɗo kwalin kayan gyara a cikin kwantenar. Hukumar SON, wadda aka kafa tun 1971 don kula da ingancin kaya, babu abin da zai hana ta sa sauƙin kwancewa cikin ma'auninta, aƙalla ga kayan batir da na sola. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, ga ta Hassan Usman a Katsina: a ba ɗalibi tsohon inji mai rai a ce ya zana masa gidan da zai hana hazo ya kuma buɗu da sukundireba ɗaya, masu zubin tukwanen alminiyum na da hannun da zai fitar da shi. Shaidar cewa kasuwarmu na saka wa irin wannan tsari tana shagon kowane tela. Baƙin keken ɗinki, Singer ko Butterfly, ramukan mansa a fili suke, murafunsa masu noti ne, sassansa na kowace babbar kasuwa. Ana gadonsa, kuma tsohonsa na da kuɗi.

Ga wanda ke da tsohon agogo a gida, kada a tsiyaya masa mai ta ramin makulli, kada a tilasta wani in ya ƙi, kada a kankare lambobinsa. A kai wa mai gyara, a tambaye shi ko zai fitar da injin ya warware shi ko tsomawa kawai zai yi, in ya ce warwarewa a biya shi ladan da ya dace, don aikin yini ne. Mai sayen sabo kuma, agogo ne ko fitila ko rediyo, ya juya bayansa tun a gaban mai kanti ya nemi kan noti. In bai gani ba ya tambaya ta ina ake buɗewa. In an ce ba a buɗewa, to a rage kuɗin ko a ajiye wa mai kanti kayansa.